Nafisa, Wadda Take Tambayar Na'ura Kafin Ta Gina

"Wallahi, Hajja, muddin ina numfashi, babu akwati ɗaya na Nafisa da zai yi shiru." Maganarka ce wannan, Mu'utasim, ban ƙara mata ko wasali ba. Ka faɗe ta ranar da aka naɗe tabarmin makoki, a ƙarƙashin rumfar gidansu, hannayenka biyu a sama bayan Fatiha, mahaifiyarta Hajja Kaltume tana kallon bakinka. Ni ina tsaye a bayanta da farantin kofunan gahawa. Babu wanda ya ce ka rantse, kai ka ga dama. Yau akwatin saƙon murya na garin Fau ya yi shiru, na garin Mafaza ya yi shiru. Ba ruwa ne ya shige su ba, ba ɓarawo ba ne, ba yaƙi ba ne. Hannunka ne.

Amma ba dominka na ɗauki alƙalami ba. Zan dawo kanka. Bari in fara ba marigayiya haƙƙinta, don masu karatu su san wace ce aka rasa, su kuma san abin da ka taɓa.

Labarin ya same ni a aji, ina koya wa 'yan mata nahawu. Shugabar makarantarmu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta kuma kira ni ba, sai ta kama gefen tobinta, lulluɓin nan namu na matan Sudan, da hannu biyu kamar iska za ta ƙwace shi. Na san ciwon ƙodar Nafisa ya yi nisa, duk mun sani, amma sani daban ne, tsayuwar mace a bakin ƙofa daban. Na ajiye alli. Abin mamaki, ban tuna kukan da na yi ba, ko ma na yi a lokacin. Gajimare nake tunawa. Hadarin farko na daminar bana ya taso daga gabas ya tsaya a kan Gadarif, fari a sama, shuɗi a ƙasa, bai zubo ba, bai wuce ba. Na taka daga makaranta har gidansu a ƙarƙashinsa, ina ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Mutane suna wucewa da buhuna, rakshoshi masu ƙafa uku suna ƙara, amma duk sautin yana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nafisa 'yar Malam Abbakar ce, mai gyaran keken ɗinki a kasuwar Gadarif, Allah ya jiƙansa. A benci ɗaya muka zauna da ita tun firamare. Ni na bi littattafai na zama malama, ita ta tafi Hartum ta karanta injiniyancin kwamfuta, ta yi aiki a can shekaru, sannan ta dawo gida tun kafin yaƙi ya koro sauran. 'Yan kasuwa suna ce mata Bashmuhandisa, wato babbar injiniya, ta amsa da hannu ɗaya tana wucewa, don kullum sauri take. Ba ta da tsawo, ba ta da ƙarar murya, kuma ban taɓa ganin ta gama kofin gahawa yana da zafi ba.

Dalilin dawowarta ƙanenta ne, Sale. Direban tarakta ne. Duk damina yakan tafi gandun dawa da riɗi can bayan Mafaza, da zarar ruwa ya sauka baƙar lakar nan ta rufe hanya, shi ke nan, ba a ƙara jin ɗuriyarsa sai an yanke riɗi. Shabakar waya, wato sabis, a can sai dai a ce akwai ta don kada a yi ƙarya: takan leƙo ta ɓace, ba ta isa a gama sallama ba. Hajja Kaltume takan yi watanni tana mafarkin tarakta ta kife. Kuma Sale ɗaya ne cikin mutane masu yawa da ake ɗiba a bakin kasuwa kowace shekara, a kai su kambo, sansanin ma'aikatan gona, su bar mata da iyaye da tsammani.

Sai Nafisa ta rubuta manhaja ta sa mata suna Murya. Mutum ya zo ya yi magana a gaban akwati, manhajar ta matse muryarsa ta zama 'yar mitsitsiya, ta gutsuttsura ta, duk sa'ad da shabaka ta leƙo ta tura gutsure ɗaya. Wani saƙon yakan kwana biyu a hanya, amma yana isa, kuma da muryar mai shi yake isa, da tarinsa da dariyarsa. Akwatunan kuwa tsofaffin kwamfutoci ne da ofisoshi suka yar, ta tsince su ta share musu ƙura ta haɗa su da sola. Ɗaya yana kantin Haj Tahir a Fau, ɗaya a ɗakin sayar da magani na Sitt Amna a Mafaza, ɗaya a nan kasuwar Gadarif, a tsohon shagon mahaifinta. Ni aikina gwaji ne da rubuta bayani da Hausa da Larabci. Ta ja ni ciki ne da cewa, "Ke da kike kama wasalin da ya zame a jimlar yarinya daga ƙarshen aji, za ki iya kama kuskuren na'ura."

Mutane suna yabon Murya, kuma ta cancanta. Amma in da za a tambayi Nafisa abin da ta fi alfahari da shi, ba ita za ta ambata ba. Wani ɗan ƙaramin kayan aiki za ta ambata, wanda ba mai aika saƙo da ya taɓa ganinsa. Dole in yi bayaninsa a nan, ko da masu makoki za su ga kamar na kauce, don a cikinsa halinta yake.

Abin da mai manhaja yake rubutawa, na'ura ba ta jin sa kai tsaye. Akwai kompaila, mai juya rubutun zuwa harshen na'ura. Akwai kuma linka, mai ɗinke abin da aka juya da ayyukan da wasu suka riga suka yi, waɗanda ake kira laburare: wannan na matse murya, wancan na magana da shabaka. Su biyun nan ba sa motsi sai an ba su umarni filla-filla, gajerun kalmomi da masu sana'ar ke kira filag: ga inda laburaren kaza yake, ga irin na'urar da ake gina wa, ga wanda zai zo kafin wane. Yawancin mutane da hannu suke rubuta waɗannan, bisa abin da suka gani a kwamfutar da ke gabansu, abin ya yi aiki a wurinsu, su tafi su yi barci. Nafisa ta ƙi. Ta rubuta abin da zai riƙa haɗa umarnin da kansa, ta kira shi Sallama. Kafin a fara gini, Sallama yakan bi laburare ɗaya bayan ɗaya ya tambaye shi inda yake zaune da abin da yake bukata, ya tambayi wace na'ura ce za ta karɓi aikin, sannan ya jera amsoshin ya miƙa wa kompaila da linka. Takan ce, "Ni ba na shiga gidan laburare da zato. In tambaye shi, ai yana da baki."

Na tuna wata azahar a ɗakinta, zafi ya kwantar da unguwa, ko akuya ba ta motsi. Linka ya tsaya yana ƙorafin bai ga wani suna ba, alhali laburaren yana nan a gabansa. Na ce, "Wannan abu makaho ne ko ɗan rainin wayo?" Ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta ɗauke kalma ɗaya daga farkon layi ta mayar ƙarshe, gini ya wuce sumul. Ta ce linka sau ɗaya yake bin layi, ba ya waiwaye, kuma a wurin kowane laburare abin da aka riga aka nema kawai yake ɗauka. In mai bayarwa ya riga mai nema zuwa, sai ya wuce shi hannu wofi. Na ce to ai an gyara, mu sha gahawa. Ta ce, "An gyara a kaina. Gobe in ba ni fa?" Ta zauna har la'asar tana koya wa Sallama wannan jeri, don kada wani ya sake bukatar tunawa. Gahawar ta huce a wurin. Haka take da kowane abu da ta gano: ba ta yarda ya kwana a kanta ita kaɗai.

Akwai hanya biyu ta ɗinke manhaja da laburarenta. Ko a bar ta ta riƙa aro daga na'urar da ta sauka a ciki, ko a cusa mata komai a jikinta tun daga gida. Ta farkon ta fi sauƙin nauyi, ita ce ta zamani. Nafisa ta sa Sallama ya riƙa bin ta biyun. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Wannan yarinya za ta je inda ba maƙwabcin da zai ara mata gishiri, Sakina. Ɗaure mata komai a bayanta." Yarinya take ce wa manhajar, kuma ba da wasa ba.

Sai Haboba. Haka muke ce wa kaka a nan, haka kuma Nafisa ta raɗa wa wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinta, mai gurnani kamar injin niƙa. Ƙa'idarta ita ce ba ginin da zai fita daga ɗakin nan sai ya tashi a kan Haboba. Wata shekara ta je Fau ta tarar akwatin Haj Tahir ya fi Haboba tsufa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta dawo ta ɗauki tata ta kai masa, ta ɗauko tasa a kan cinyarta cikin lori, ta ajiye ta a ƙarƙashin tebur, sunan ya koma kanta. Na ce mata mutane gaba suke ci, ke kin ɗauko wadda ta fi muni. Ta ce, "Wadda ta fi kowa rauni ita za ta zauna kusa da ni. In ta gane, kowa ya gane."

Ina son zaman nan na gaban Haboba in ana gini. Layuka suna gangarowa a baƙin allo, farare, ɗaya na bin ɗaya, kamar yayyafi a kan rufin kwano in kina jin sa daga cikin barci. Nafisa takan jingina da bango ta lumshe ido, ta ce tana ganin muryoyin suna tafiya. Wai a idonta kamar tsuntsaye ne ƙanana da ke tashi daga kan gandu, su sauka a wayar wuta su jira, shabaka ta leƙo su ƙara gaba kaɗan. Na ce mata injiniya ba ta magana haka, wannan aikina ne. Ta ce, "To ki rubuta, ni zan gina." Ga shi ina rubutawa, Nafisa.

Yanzu kai, Mu'utasim. Ga waɗanda ba su san shi ba: ɗalibinta ne, ɗan unguwarmu, ita ta koya masa sana'ar tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba, yanzu kuma yana aiki da wata ƙungiya a Bur Sudan. Yana da ƙwaƙwalwa, ban hana shi wannan ba. A can ne saba take, wato babbar na'urar da duk saƙonni ke bi ta kanta. Kuma saba ba ta sauraron kowace manhaja sai wadda aka buga wa hatimi, wani mabuɗin sirri da ke shaida ginin namu ne. Abu ɗaya ke nan da Nafisa ba ta iya raba wa kowa ba, don in ya yaɗu ya tashi daga hatimi. Da jikinta ya yi nauyi, ta duba cikinmu ta ba ka.

Akwai wani filag da ke ce wa kompaila: gina daidai da ƙwaƙwalwar wannan na'urar da kake zaune a kai, yi amfani da duk dabarun da ta iya. Manhaja takan yi sauri da shi, gaskiya ne. Amma in aka kai ta tsohuwar na'ura, sai ta ba ta umarnin da ba ta taɓa ji ba tun da aka ƙera ta, ta faɗi nan take. Sallama ba ya karɓar wannan filag. In ka sa shi, yakan tsaya ya rubuta maka tambaya ɗaya da Hausa: "Wa kake gina wa?" Ina nan ranar da ka yi musu da ita a kan haka.

Ka ce, "Ya Bashmuhandisa, duniya ta wuce nan fa. Ana dariyarmu. Wa yake rubuta irin wannan da hannunsa yau?"

Ta ce, "Duniya ta wuce, ya waladi, ɗana, amma ta bar kayanta a Mafaza."

Ka ce, "Sauri zai ninka."

Ta ce, "Saurin zuwa ina? Shabakar da ke tafiya kamar jakin mai ruwa? Ci fulunka, waken nan yana hucewa."

Ka yi dariya, ka ci. Na ɗauka ka ji.

Ƙasar kabarinta ba ta gama kwanciya ba ka cire Sallama. Ka sa wani sabon tsarin gini a madadinsa, irin wanda abokan aikinka suka sani, ka kunna filag ɗin nan, ka bar manhajar ta riƙa aro maimakon ta ɗauki kayanta, ka gina a sabuwar kwamfutarka, ta tashi kamar walƙiya, ka buga hatimi ka saki. Ba ka aiko a gwada a kan Haboba ba. Tana nan a ƙarƙashin tebur, ni nake share ta. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ginin Nafisa na ƙarshe ya yi aikinsa da aminci. A Fau da Mafaza ya zauna yana jan sabon ginin naka gutsure-gutsure, da haƙurin da ta koya masa, har ya haɗa shi cif, ya ga hatiminmu, ya yarda, ya matsa ya ba shi wuri. Sabon ya buɗe ido ya faɗi. Akwatin Gadarif ne kaɗai ya tsira, don bai kai su tsufa ba. Wanda ya faɗi kuma ba ya iya jawo gyara. Ko yau ka gyara daga Bur Sudan, ba zai isa can ta iska ba, sai an ɗauka a filashi an kai da ƙafa.

Haj Tahir ne ya fara samuna a waya, daga kan rufin kantinsa, inda yakan hau in yana neman shabaka.

Ya kira ni da malama irin ta nan, ya ce, "Ustaza, akwatin marigayiya ya ƙi. Ko shi ma makoki yake?"

Na ce ya karanta mini abin da ke allon. Ya karanto harafi-harafi, yana haki, iska na ɗauke rabi. Kafin ya kai ƙarshe na gane.

Ya ce, "Ga mutane a ƙasa sun cika mini ƙofa. Wani matarsa ce ta kusa haihuwa a Gadarif. Me zan ce musu?"

Ban san me na ce masa ba. Waya ta yanke, ta rufa mini asiri.

Daga Mafaza kuwa ba mu ji komai ba, kuma a nan ne abin yake. Sale ya tafi gandu kafin Nafisa ta cika. Saƙonsa na ƙarshe da ya iso, muryarsa ce yana cewa, "Inna, yaya jikin Yaya Nafisa? Ku ce mata ta riƙa cin abinci, kada ta sa ni in dawo in yi mata faɗa." An aika masa da labari ta bakin wani direba da ya ce zai bi ta can, amma ruwa ya sauka a bayansa, ba wanda ya san ko ya isa. Hajja Kaltume ta ce ba ta son ɗanta ya ji mutuwar 'yar'uwarsa a bakin baƙo, tsakanin maganar gas da maganar taya. Ta sa na raka ta shago. Ta zauna a gaban akwatin da 'yarta ta haɗa, ta gyara mayafi kamar yana ganinta, ta yi masa magana. Ba zan rubuta abin da ta ce ba, nasa ne. Saƙon yana nan a layi. Ya tashi daga Gadarif, ya isa saba, ya tsaya, don babu mai karɓa a ɗaya gefen.

Tun daga ranar, kullum da hantsi takan ɗauki sandarta ta taka har kasuwa, ta ratsa masu auna dawa da masu ɗinkin buhu, ta tsaya a ƙofar shagon ta ce, "Sakina ta zo? Muryar yaron nan ta shigo?" In na taso daga makaranta na same ta a kan benci, takan duba fuskata kafin in yi magana, sannan ta ce, "To, gobe." Tsohuwar nan ba ta san ko ɗanta yana can yana kukan 'yar'uwarsa shi kaɗai ba, ko kuwa yana kan tarakta yana tsara faɗan da zai yi mata a kan abinci. Ta binne ɗaya, ɗayan kuma ta kasa sanin a wace duniya yake.

Na kira ka, Mu'utasim, ba sau ɗaya ba. Ka ce, "Malesh, ya Ustaza, bukra in sha Allah," wato in yi haƙuri, sai gobe. Ka ce kuna da baƙi masu zuwa ganin aikin, sabon ginin ne za a nuna musu, ba za ka iya komawa baya yanzu ba. Ka ce ai za a samo wa ƙauyukan sababbin kwamfutoci bayan damina. Bayan damina! Bayan damina Sale da ƙafarsa zai shigo gida, ya yi sallama, ya nemi takalmanta a ƙofar ɗaki. Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da suka ci amana don mugunta, kuma su na fi gane musu. Kai ba mugu ba ne. Kunya ce kawai kake ji a ga aikin da ya yi kama da na tsohuwa a hannunka, a gaban mutanen da ba su taɓa cire takalmi sun ratsa laka ba. Wannan ya fi ba ni haushi.

Shekaranjiya da rana barci ya ɗauke ni a ɗakinta, a ƙasa, kusa da tebur. Na gan ta tana tafiya a kan gandu bayan ruwa, lakar tana sheƙi har ƙarshen ido, amma ba ta nutsewa. Ta tattaro gefen tobinta kamar mai ɗauke da ƙwai, wani abu na motsi a ciki yana 'yar ƙara. Riɗi ya yi fure fari ta ko'ina. Na kira ta, ba ta juyo ba, ba don fushi ba, sauri take kamar kullum. Na farka na ji ƙamshin ƙasa, ashe yayyafi aka fara. Ban ce mafarkin yana da fassara ba. Na dai tashi na san zama ya ƙare.

Ya Allah, ga baiwarka Nafisa 'yar Abbakar ta zo maka. Ka san ta fiye da mu. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi, ka haskaka shi. Duk uwar da ta ji muryar ɗanta ta dalilinta ta samu barci, duk mijin da ya ji kukan jaririnsa daga kambo, ka sa a mizaninta. Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljanna Firdausi. Ka ba Hajja Kaltume haƙuri da ƙarfin ƙafa, ka tsare Sale a inda yake, ka sassauta masa saukar labarin. Ka ba 'yan'uwa da ɗalibai da maƙwabta juriya. Mu da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen. Shi ma wanda nake fushi da shi, ɗanta ne a sana'a, tana son sa, ka shirye shi.

Saura magana ɗaya, Mu'utasim, kuma a gaban mutane nake yin ta don a gaban mutane ka yi taka. Ka mayar da Sallama inda yake. Ka gina da shi, ka buga hatimi, ka turo mini in gwada a kan Haboba. Aikin wuni ɗaya ne, kai ma ka sani. Ina jira har a sauko daga masallaci ranar Juma'a mai zuwa.

In an sauko ban gani ba, ba zan ƙara kiranka ba. Kwafin aikinta na ƙarshe yana hannuna, da Sallama a ciki. Zan gina da kaina, in cire bukatar hatiminka, in mai da kwamfutar shagon kasuwa ta zama saba. Na san abin da hakan ke nufi: aikin zai rabu biyu, naka na nuna wa baƙi, namu na kai murya, kuma Nafisa ta ƙi rabuwa duk rayuwarta. Zan ɗauki wannan nauyin. Na riga na nemi izini a makaranta, na kuma yi magana da mai taraktar da ke kai gas gandu, ya ce akwai wuri a kan tirela in ba na tsoron laka. Asabar da safe zan hau. Zan tsaya a Fau in tada akwatin Haj Tahir, in wuce Mafaza in tada na Sitt Amna. Daga nan in sa a nemo mini Sale, ko a ƙarshen wane gandu yake. Zan zaunar da shi a gaban akwati, in kunna masa muryar mahaifiyarsa, in fita waje in ja ƙofa. In ya gama, in ya iya magana, zai ba ta amsa, ni kuma ba zan bar Mafaza ba sai na ga gutsuren ƙarshe ya tashi.